Numfashin da Ke Farkon Faifan

Iman, ke kika tambaya, don haka ke zan ba amsa, Faruk ya saurara ta bayanki kamar yadda ya saba. Ranar da kuka zo flat ɗina a Salford lokacin hutun makaranta, kin jawo wani faifai daga ƙasan kanta, irin manyan baƙaƙen nan masu juyawa a ƙarƙashin allura, kin matsa sai na ɗora miki. Kafin kiɗa ya fara aka ji mutum ya ja numfashi, dogo, kamar mai shirin magana. Maganar ba ta zo ba, sai kukan wani abu mai kama da muryar tsohuwa. Kika ce mini da Turancinki na Birmingham, wa ke numfashin nan? Mamanku daga kicin ta ce a kashe, kanta na ciwo. Na kashe, na ce miki sai wata rana. To, ni ban iya wata rana ba, ban taɓa iya jira ba tun ina yarinya, kuma kakanku da zai hana ni ya rasu bara. Hausarku yanzu ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. Ku koya. Ba zan rubuta wannan da Turanci ba.

Kun san kakanku da sunan Alhaji Isiyaku mai makulli, saboda shi ke buɗe ƙaramin masallacinmu na bayan Stratford Road a unguwarmu Sparkbrook, shi ke rufewa, shi ke faɗa da masu zubar da takalma a bakin ƙofa. Kafin nan bas ya tuƙa a Birmingham har gwiwarsa ta ƙi. Kafin nan kuma manyan motoci ya bi a Ghana, daga Kumasi zuwa arewa, a can ya kamu da son waƙar da direbobi ke sakawa a doguwar hanya, ta Turawan Amurka masu faffaɗar hula, wadda ake ce wa country. A motarsa karatun Alƙur'ani ne da safe, country da yamma, babu na uku. Mma, kakarku, ba ta taɓa gajiya da tsokanarsa ba.

"Wannan mutumin mace ce ta gudu ta bar shi," in ji ta, "shi ne za mu sha kukansa tun daga Sparkbrook har Ladywood?"

"Bar shi ya yi kukansa," in ji Baba. "Ya iya."

A saman wardrobe ɗin ɗakinsu akwai wani ƙunshi cikin tsohon zane. Ina 'yar firamare na taka kujera na kwance shi. Rabin ƙwarya ce an rufe bakinta da fatar damo, da sanda ta ratsa ta, da tsagiyar doki a miƙe a kai, da ɗan bakan da ake goga mata. Mari ɗaya Baba ya taɓa yi mini a duniya, ranar ce. Sai da na girma Mma ta gaya mini, muna gyaran alayyafo, ba ta ko dube ni ba. Goge ne, na mahaifinsa. Kakanmu Garba, wanda duk Hausawan Birmingham suka sani da Garba mai goro, ya sayar da goro ɗin gaskiya ne, amma sai da ya tsufa yatsunsa suka ƙage. Kafin nan goge ya yi wa zangon Kumasi, a biki, a suna, da wuraren da malamai ba sa taka ƙafa. Ku da aka haifa a nan ba za ku ji nauyin maganar ba, sai na faɗa muku ƙarara. A wurin mutanenmu mai goge maroƙi ne. Ana kiransa ranar murna, a liƙa masa kuɗi a goshi, amma in ana maganar aure sai a tuna ko shi wane ne. Baba ya tsallaka teku ya bar wannan suna a baya. Ƙwaryar kawai ya kasa bari.

Ni da na gama sakandare na ce ya isa haka. Mamanku ce mai karatu, ita ta zama nas. Na yi faɗa da kowa a gida, na koma Salford da ke gefen Manchester, na samu aiki a wani shagon kofi da ke ƙasan tsohon kamfanin saƙa da aka yanyanka ɗaki-ɗaki ana ba da haya. A sama akwai wasu makaɗa su huɗu da suka kira kansu Irwell Mules, wato alfadaran kogin Irwell, sunan kuwa ya dace da su don taurin kai. Shauna ce mai waƙa, jan gashi gare ta da murya kamar ta haɗiye tsakuwa. Dec, wani dogo da ba ya cire jaket ko da rani, shi ke kaɗa jita, shi ke riƙe da kwamfutar ɗaukar sauti. Sauran biyun, mai ganga da mai banjo, ban taɓa jin sun gama jimla ba. Rannan na kai musu kofi na tsaya a ƙofa ina ji.

"Wannan ai waƙar babana ce," na ce musu. "Sai dai kun fi shi baƙin ciki."

Shauna ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce nasu ba irin na kaset ɗin Baba ba ne sak. Sun ɗauki jitar da banjon da kukan zucin, sun zubar da hular da dawakan, sun zuba ruwan saman Manchester da kuɗin haya da ubanni marasa magana. Album suke haɗawa, na farkonsu, kuma waƙar da za ta buɗe shi ta ƙi tashi. A kan mahaifinta ta rubuta ta, wanda ya yi aikin tashar jirgin ruwa har ya mutu bai taɓa faɗa mata sunan ƙauyensu ba. Mai kaɗa musu violin, gogen Turawa, ya yi fushi ya tafi, sun gwada wannan sun gwada wancan, tsakiyar waƙar dai fayau. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, kamar kullum.

"Abin da kuke nema yana saman wardrobe a Sparkbrook," na ce.

Duk wata Baba yakan hau jirgin ƙasa ya kawo mini saƙon Mma, shito, yajin nan na Ghana, da dambun nama da faɗa. Da ya zo na ce masa ya hau sama ya ga masu yin waƙarsa ido da ido. Ya zauna a kujerar roba, hannuwa a kan gwiwa, hula a kai, fuska kamar a wurin ta'aziyya. Amma na ga ƙafarsa ta hagu tana motsi. Da suka gama ya ce da Shauna muryarta tana da gaskiya, sai dai akwai rami a tsakiyar waƙar. Ta ce ta sani, me za a zuba? Wata na gaba jakarsa ta fi ta kullum girma, kuma ya rungume ta a ƙirji tun daga tasha.

Sharaɗi biyu ya kafa musu, yana ɗaga yatsa kamar yana yi wa fasinja gargaɗi. Ba suna, ba hoto. Dec ya ba shi hannu, Shauna ta dafa ƙirjinta don ta lura ba ya gaisawa da mata. Suka yi alkawari, kuma ina so ku sani mutanen nan ba su taɓa nufin karya shi ba.

Da ya kwance zanen ya ja bakan sau ɗaya, sautin da ya fito kamar kyanwa mai mura. Danshin ƙasar nan ya sa fatar ta saki. Baba ya jawo hita, ya zauna a gabanta yana jujjuya ƙwaryar kamar mai gasa masara, yana ƙwanƙwasa fatar da farce yana saurare, yana goga ƙaro a tsagiyar. Dec sai duba agogo yake yi. Ya tambaya ko za a iya farawa haka nan a gyara a kwamfuta daga baya.

"Ɗana," in ji Baba, "a fara ɗumama shi."

Wannan magana ta zama karin maganarsu, daga baya ma ita suka sa wa album ɗin suna da Turanci. Da fatar ta ɗame, Baba ya gyara zama, ya rufe ido, ya ja numfashi, ya buɗe baki da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba, sama-sama, mai kaifi. Ya kira sunansa, ya kira sunan ubansa da sana'arsa da unguwarsu, ya kira kakansa da kakan ubansa. Sannan gogen ya karɓa daga inda muryar ta tsaya, har ba ka iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ina tsaye da tire a hannu, tsigar jikina ta tashi. Na ji kowace kalma. Amma a kaina wannan kamar bisimilla ce kafin cin abinci, ba wanda ke lissafa ta cikin tuwo. Ban kawo cewa na'urar tana ɗauka ba. A taragon tram muna komawa tasha na tambaye shi mene ne wancan.

"Ba a taɓa goge sai an gai da masu shi," ya ce, yana kallon taga. "Hannun ba nawa ba ne. Aro aka ba ni."

A wannan shekarar ce maganar auren mamanku ta taso. Yaya Salamatu ta haura talatin, matan unguwa sun gaji da tambayar Mma har sun koma yi mata addu'a da ƙarfi a gaban mutane, wanda ya fi tambayar ciwo. Sai ga Nura, babanku, ɗan Kano da ya zo jami'a yin digirin digirgir a kan ruwan sha. Ya kawo wata 'yar'uwarsu asibiti ya ga Yaya, bai sake samun sukuni ba. Ita ma haka, don na kama ta tana yi wa waya murmushi, Yaya da ko a hoton Sallah ba ta murmushi. Matsalar ɗaya ce. Nura maraya ne, baffansa ya rene shi, kuma Baffa mutum ne mai bin asali har rami. Ya riga ya rushe auren ƙanwar Nura ana saura kaɗan, don an gano kakan saurayin kalangu yake kaɗa wa mahauta. Nura da bakinsa ya ba mu labarin a falonmu, yana girgiza kai, Baba yana zuba masa shayi hannunsa ko rawa bai yi ba. Baffa ya aika bincike ta hannun fataken goro da ke zuwa Kumasi. Amsa ta dawo cewa Garba mai goro ne, mutumin kirki, ya rasu da daɗewa. Aka sa rana bayan Babbar Sallah, aka fara haɗa lefe.

Ana cikin haka Shauna ta sauko shago da murna ta ja ni sama, wai album ya kammala, in zo in ji. Ta nuna mini bangon faifan a kwamfuta. Babu hoton Baba, babu sunansa, an rubuta goge, abokin ƙungiya. Na ce madalla. Dec ya danna. Numfashi, sannan muryar Baba ta cika ɗakin, tas, ita kaɗai, ba jita ba ganga, ita ce abu na farko da duk wanda ya sa faifan zai ji.

"Addu'ar nan ita ce ƙofar album ɗin gaba ɗaya," in ji Dec, yana washe baki. "Mun ma sa guntunta a intanet tun makon jiya."

"Wace addu'a? Sunansa ne! Da sunan ubansa, da sana'ar ubansa, da unguwarsu! Kun ɓoye shi a takarda kun kira shi a lasifika!"

Ba su sani ba, ta ina za su sani? Su sautin suka ji, ya yi musu daɗi. Shauna ta ciro waya nan take ta goge guntun. Amma kafin ya ɓace idona ya faɗa kan maganganun da mutane suka rubuta a ƙasa. Duk Turanci ne, sai guda ɗaya, daga wani mai hoton mota ba fuska ba, da Hausa: Allah ya jiƙan maza.

Har yau ban san ko wane ne ba. Amma a makonnin nan shi ne ya zauna mini a wuya. Ɗaliban Najeriya na jami'ar Salford suna shigowa shagonmu, kuma ɗalibai sun san juna daga Manchester har Birmingham kamar 'yan gida ɗaya. Duk wanda ya shigo ya ce mini "sannu da aiki, Hajiya" sai in tsare fuskarsa da ido, ina neman alamar ya sani. Wani ya tsaya yana jiran canji yana ɗan waƙe-waƙe a maƙogwaro, na zubar da madara a kan kanta. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Ba ta yi ƙara ba, in ce shiru ɗin ma magana ce. Abinci ya ƙi shiga. Na je wurin likita ya ce in rage shan kofi, na ce masa ni sayar da shi nake yi.

Guntun intanet ya tafi, amma album yana nan, kuma ƙarshen wata za a aika shi kamfanin da ke buga faifai. In aka buga, an buga. Na ce a yanke muryar. Dec ya ƙi, ya ce in aka cire ta an cire wa gida ƙofa, aikin shekara biyu ne. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta wa yara ba. Shauna ce ta raba mu.

"Muryarsa ce," ta ce. "In ya ce a cire, za a cire, ko Dec ya yi kuka. In ya ce a bari, ke ma ba za ki hana ba."

Na yarda da sauri, don na tabbata na san amsar. Mutumin da ya mare ni don na kwance zane? Ranar Asabar na sauka Birmingham, na tare shi ya fito daga sallar la'asar, na ce mu zauna a mota. Na faɗa masa komai a gurguje, na sa masa abin ji a kunne. Ya saurara idonsa a kan sitiyari. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Bas biyu suka wuce mu a Stratford Road bai motsa ba.

"Haka babana yake farawa," ya ce a hankali. "Ban san muryata ta koma tasa ba."

"To, in ce musu su yanke?"

"A bar shi."

"Baba, Yaya fa? Baffan Nura fa?"

"Na ji ki," ya ce, ya tayar da mota.

A gida Mma ta kalle mu sau ɗaya ta ajiye ludayi. Ta ja ni kicin, na zazzage mata. Ba ta yi salati ba, ba ta zauna ba, ta ce dama ta san bakina wata rana sai ya ci gidan nan da wuta, sannan ta bi Baba ɗaki ta rufe ƙofa. Ina jiyo ta ta bango. Tana cewa ita ta san ko ɗan wane ne ta aure shi, ubanta ya yi shekara bai yi mata magana ba, ta haƙura, amma ba za ta zuba ido 'yarta ta sha abin da ta sha ba a kan ƙwarya da gashin doki. Muryar Baba ban ji ta ba ko sau ɗaya.

Yaya ta dawo daga asibiti da yamma. Na ga babu mai niyyar gaya mata, sai na gaya mata tun tana cire takalmi a bakin ƙofa. Ta gama kwance igiyar a hankali, ta jera su, ta miƙe.

"Ki gaya wa Nura kawai," na ce. "In namiji ne ya tsaya. Ƙarya za mu yi masa? Goge sata ne?"

"Ke kullum gaskiya kike so, Ramatu, don ba ke ke ɗaukar ta a ka ba. Nura ba shi da uba sai Baffa. In ya zaɓe ni ya rasa gida. In ya zaɓi gida na rasa shi. Wanne kike so in sa shi ya yi?"

Na ɗauka za ta shiga falo ta yi kuka ta roƙi Baba. Da ma haka ta yi, da ya fi sauƙi. Ta shiga da rigar aikinta, ta durƙusa a gabansa, ta ce, "Baba, duk abin da ka yanke, ni 'yarka ce." Ta ɗora kanta a kan gwiwarsa mai ciwon. Bai taɓa ta ba, bai ture ta ba. Bango yake kallo. Ana haka wayarsa ta yi ƙara, lambar Najeriya. Na ce shi ke nan, mai hoton mota ya isar da saƙo. Baffa ne. Baba ya sa a lasifika kamar yadda tsofaffi ke yi. Gaisuwa ce kawai da maganar masaukin baƙi. Kafin ya ajiye, Baffa ya ce shi hankalinsa a kwance yake, ɗansa zai shiga gidan mutunci, 'yan kasuwa jikokin 'yan kasuwa.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba.

Na koma Salford ba tare da an yanke komai ba. Ƙarshen wata yana matsowa. Kullum Shauna ta sauko ta kalle ni, in girgiza kai. Na kira Baba, ya yi mini maganar famfon masallaci da ke yoyo. Na kira Yaya, ba ta ɗauka. Abin da ya fi damuna, kuma ban gaya wa kowa ba a lokacin, ban san me nake so ya yi ba. In na tuna kan Yaya a gwiwarsa sai in ce a yanke. In na tuna fuskarsa a mota, mutum ya yi shekaru yana buɗe wa jama'a ƙofa da sunan da ba nasa ba, sai in ce a bari duniya ta ji.

Wata safiyar Talata ina goge kanta na ɗaga kai na gan shi a ƙofar shago, cikin farar kaftaninsa ta Juma'a. Ba jaka, ba shito.

"Kai ni sama," ya ce.

Dec ya buɗe waƙar a kwamfuta. Sauti a allo kamar jerin tsaunuka yake, wasu manya wasu ƙanana. Baba ya sa tabarau ya sunkuya, ya tambaya ina muryarsa take. Dec ya nuna masa. Ya ɗora yatsa a farkon tsaunukan, ya ja shi zuwa inda gogen ya karɓa.

"Daga nan zuwa nan."

Dec ya yi ta kawo dabara. A juya muryar ta baya yadda ba mai gane kalmomin. A danne ta a ƙarƙashin jita. Baba ya ce ba a juya sunan uba a baibai, ko a kira shi sosai ko a bar shi ya kwanta. Dec ya ce to zai ajiye kwafi ɗaya a gefe, don tarihi, ba wanda zai ji. Baba ya ce abin da aka ajiye wata rana a ciro shi, a goge yana kallo. Shauna ta juya ta fuskanci taga. Dec ya danna, tsaunukan suka ɓace, ya buɗe wani wuri ya sake gogewa, da wani wurin kuma. Saura ɗan tudu ɗaya ƙarami a farkon layin.

"Numfashin fa?" in ji Dec.

"Bar shi. Wannan nawa ne, babu sunan kowa a ciki."

Na raka shi tasha. A hanya ya ce in riƙa cin abinci, na rame.

Aka ɗaura aure bayan Sallah, Baffa ya zo da kansa da babbar riga, ya rungume Baba a ƙofar masallaci. Ana gobe baƙi za su iso Mma ta ba ni ƙunshin saman wardrobe ta ce in tafi da shi Salford, matan Kano za su shiga ɗakinta su canza kaya, kuma mata ba sa ganin ƙunshi su ƙyale. Baba bai taɓa tambayar inda yake ba. Yana nan a flat ɗina, nesa da taga saboda danshi. Motarsa kuma ta koma karatu da safe, shiru da yamma. Mma ta rasa wanda za ta tsokana.

Album ya fito da kaka. Bai yi kasuwa sosai ba, an sa shi a rediyo 'yan lokuta, sun zagaya ƙananan wurare suna wasa, wani yana kwaikwayon gogen da violin yana ɓata shi. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar ta watse. Shauna tana koyar da waƙa, Dec yana gyaran tukunyar ɗumama gida, kuma in muka haɗu har yanzu yakan ce mini an cire wa gidansa ƙofa. Shauna ta ce duk inda suka je sai wani ya tambaye ta wa ke numfashin nan. Ba ta taɓa faɗa ba.

Baffa ya riga Baba tafiya. Bayan rasuwar Baba, mamanku ta gaya wa babanku komai. Ya ce da ya sani a lokacin da ba abin da zai canza. Mai yiwuwa. Ina ganin girman babanku, mutumin kirki ne, ya riƙe Yaya da amana. Amma ba a gwada shi ba, kuma kakanku ne ya sadaukar don kada a gwada shi. Kada ku ga laifin mamanku in ta ce a kashe faifan. Ita ta san abin da aka yanke, ta san saboda wa. Ku ma yanzu kun sani, don da ba a yanke ba, ban san ko da akwai Iman da Faruk da zan rubuta wa wannan ba.

Ranar sadakar uku liman ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙan Isiyaku ɗan Garba mai goro, jama'a suka ce amin. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Mutum biyar ne muka ji abin da Baba ya faɗa a ɗakin nan na sama, huɗu ba sa jin Hausa. Saura ni, kuma ba na son abu ya dogara da ni kaɗai, na san halina, ina tsallaka titi ba na dubawa.

Don haka ga abin da za ku yi in kun girma. Faifan naku ne, ƙwaryar ma taku ce. Ku ɗora allurar. In kun ji ya ja numfashi, ku ɗage ta. Ɗayanku ya miƙe tsaye ya faɗi wannan da ƙarfi, ba cikin ciki ba:

"Ni ne Isiyaku, ɗan Garba mai goge na zangon Kumasi. Garba ɗan Tanko, wanda ya tako daga ƙasar Gaya da ƙwarya a kafaɗa. Tanko ɗan Audu Na-Hajo, wanda tsagiya ba ta taɓa tsinke masa a gaban jama'a ba. Ku masu hannu, ga hannunku, ku ba ni aro."

Sannan ku mayar da allurar, ku bar gogen ya karɓa.